BABI NA HUƊU: NA'URAR MAIMAITA MURYA A MA'AUNIN AMSHIN WAƘAR BAKA

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an yi bayanin yadda kayan kiɗan zamani suka shigo cikin waƙar Hausa, tun daga faifan garmaho da kaset har zuwa fiyano da kwamfuta. A wannan babi za a taƙaita nazari a kan na'ura guda ɗaya, wato na'urar maimaita murya, wadda masu harkar sauti suke kira lufa. Dalilin keɓe mata babi shi ne, aikin da take yi ya faɗa daidai gurbin da 'yan amshi suke cikawa a waƙar baka. Mawaƙi yana rera gindin waƙarsa sau ɗaya, na'urar ta riƙe, ta yi ta dawo masa da shi, shi kuma ya ci gaba da zuba ɗiyan waƙa. Wanda ya ga haka a karo na farko zai iya cewa kwanan 'yan amshi ya ƙare.

Saboda haka babin zai yi ƙoƙarin amsa tambaya ɗaya: shin abin da wannan na'ura take yi amshi ne? Domin samun amsa, za a fara da ma'anar na'urar da asalinta, sannan a bayyana hanyoyin da ake bi a shigar da murya cikinta a dandali. Daga nan za a waiwayi aikin amshi kamar yadda makaɗan ƙasar Katsina da maƙwabtansu suka aiwatar da shi. Bayan haka za a kawo wani gwaji da aka yi a birnin Katsina, sannan a yi tarke.

4.1 Ma'anar Na'urar da Asalinta

Lufa wani ɗan akwati ne na ƙarfe da ake ajiyewa a ƙasa, yana da maɓallai masu faɗi da ake takawa da ƙafa. Idan mawaƙi ya taka sau ɗaya, sai ta fara ɗaukar duk abin da ya shiga makirufo. Idan ya sake takawa, sai ta rufe ɗauka, ta koma farkon abin da ta ɗauka ta sake shi, kuma da ya ƙare ta sake komawa farko, ba tsayawa. Wannan kewayawa ita ce za a riƙa kira zagaye a cikin babin nan. Idan aka taka a karo na uku, sai ta buɗe kunne ta ɗora sabon sauti a kan na farko ba tare da ta goge shi ba. Ta haka mutum ɗaya yana iya tara muryarsa hawa-hawa har ta yi kama da ta jama'a.

Tunanin ɗora sauti a kan sauti ya girmi akwatin kansa. Wani makaɗin jita ɗan Amurka mai suna Les Paul ya yi fice da shi tun wajen ƙarshen shekarun 1940, inda yake naɗar kiɗansa, daga baya har da muryar matarsa Mary Ford, hawa bisa hawa. A shekarar 1963 Terry Riley ya yi amfani da rikoda biyu masu zare, zaren ya fito daga ɗaya ya shiga ɗayar, sautin ya riƙa dawowa bayan ɗan jinkiri. Robert Fripp da Brian Eno na Ingila sun bi irin wannan dabara a faifan da suka fitar a 1973. Sai dai waɗannan duk kaya ne masu nauyi da tsada. Abin ya sauko hannun ƙananan mawaƙa ne bayan da aka daina dogara da zare, musamman da kamfanin Boss na Japan ya fitar da samfurin RC-20 a shekarar 2001, sannan RC-505 a 2013, wanda shi a kan tebur ake ɗora shi a danna da yatsa.

Mutum biyu sun taimaka wajen sanar da duniya wannan na'ura. A shekarar 2004 wata mawaƙiya 'yar Sikotland, KT Tunstall, ta fito ita kaɗai a wani shirin talabijin na BBC, ta haɗa kiɗa da tafi da amshi a gaban masu kallo. Haka kuma Ed Sheeran ya yi wasa dare uku a filin Wembley da ke Landan a 2015, daga shi sai jitarsa sai na'urar. Abin lura a nan shi ne, a ƙasashen da na'urar ta fito, an ƙera ta ne domin waƙar da aka riga aka tsara tsawonta da saurinta. Wannan batu zai sake tasowa a wajen tarke.

4.2 Hanyoyin Shigar da Murya Cikin Na'urar

Yawancin ƙananan lufa an yi su ne domin jita, ba domin murya ba. Makirufo yana fitar da sauti mai rauni ta waya mai baki uku, ita kuwa jita wayarta mai tsinke ɗaya ce, kuma ƙarfin abin da take fitarwa daban ne. Idan aka cusa makirufo kai tsaye a kafar jita, muryar takan fito siririya, ga shuu a bayanta. Don haka akwai hanyoyi uku da aka fi bi.

Hanya ta farko ita ce a sami lufa mai kafar makirufo tata ta kanta. Makirufo ya shiga na'urar, na'urar ta fita zuwa mikisa, wato allon da ake daidaita sautuka, daga nan sai lasifika. Wannan ita ce mafi sauƙi. Illarta ita ce, muryar da mawaƙi yake rerawa yanzu da wadda na'urar take maimaitawa suna fita ta waya guda, don haka mai kula da mikisa ba ya iya rage ɗaya ya bar ɗaya. Har ila yau, idan na'urar ta mutu, muryar mawaƙin ta tafi tare da ita.

Hanya ta biyu ita ce makirufo ya fara shiga mikisa, sannan a tsakuro wani kaso na muryar ta kafar gefe a aika wa na'urar, abin da ta maimaita kuma ya dawo ta wani layi daban. A nan mai mikisa yana da iko a kan kowace murya. Amma dole ne ya kiyaye kada layin da ya dawo ya sake komawa cikin na'urar, domin idan haka ta faru sautin zai riƙa cin kansa har lasifika ta ɓarke da kuka.

Hanya ta uku ita ce a kafa makirufo biyu, ɗaya na rera waƙa wanda ya wuce mikisa kai tsaye, ɗaya kuma na na'urar kaɗai. Mawaƙi yana matsawa ga na biyu ne kawai idan yana son ya ɗauki wani abu. Wannan ita ce ta fi tsabta, kuma irinta Ed Sheeran yake amfani da ita.

Ko wace hanya aka bi, akwai matsala ɗaya da ba ta da makawa. Makirufo ba ya tantance muryar mai shi daga sauran ƙarar da ke wurin. Duk lokacin da aka buɗe na'urar domin ɗauka, tana kwasar guɗa da surutun jama'a da ƙugin janareta, har da abin da lasifika take fitarwa na zagayen farko. Kuma abin da ya shiga ya shiga ke nan, zai yi ta dawowa har ƙarshen waƙa, sai fa in an goge hawan gaba ɗaya.

4.3 Aikin Amshi a Waƙar Baka

Masana sun daɗe da nazarin tsarin ƙungiyar makaɗan Hausa. David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa a littafinsu na 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana a 1975. Shi kuwa Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya shimfiɗa hanyar da ɗalibai suke bi wajen rarrabe gindin waƙa da ɗiyanta da kuma rabon aiki tsakanin jagora da yaransa. Bisa wannan shimfiɗa, da kuma sauraren kaset-kaset da aka yi domin wannan bincike, ana iya kasa aikin amshi gida biyar.

Na farko, amshi yana riƙe gindin waƙa. Shi ne yake dawo da mai saurare ga jigo duk nisan da jagora ya yi da shi.

Na biyu, amshi yana ba jagora sarari. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu a 1999, an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take. A yawancin waƙoƙinsa amshin gajere ne, kuma yana dawowa a kai a kai tare da kalangu. A cikin wannan ɗan taƙin ne yake numfasawa, ya dubi taro, ya shirya ɗan da zai biyo baya. Idan aka saurara da kyau za a ji ɗiyan nasa ba tsawonsu ɗaya ba. Wani ɗan layi ɗaya ne, wani kuma ya ja shi ya yi nisa. Yaransa ba ƙidaya suke yi ba, saurare suke yi, su gane inda ya sauke murya, sannan su shigo.

Na uku, amshi yana karɓa yana ƙarawa. A ƙungiyoyin makaɗan fada, irin ta Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, jagora yakan fara layi ya sake shi, yara su cafe su ƙarasa, wani lokaci har su ɗora nasu kafin su koma gindi. A nan ɗan amshi ya san waƙar kamar yadda jagora ya san ta. A fadar Katsina ma, wanda ya saurari waƙoƙin Mamman Sarkin Taushin Katsina, wanda ya yi zamani da Sarki Usman Nagogo, zai ji nauyin da muryoyin ƙungiya suke ɗauka a waƙar sarauta.

Na huɗu, amshi yana kawo muryoyi mabambanta. Hausawa ba su saba raba amshi hawa-hawa irin na mawaƙan Turai ba. Kowa layi ɗaya yake bi da rauji ɗaya. Daɗin yana fitowa ne daga haɗuwar maƙogwaro daban-daban, wannan kakkaura, wannan siririya, wannan mai ɗan gurzo. Misali a nan shi ne amadar Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Muryoyin matan da ke bayanta da amon ƙwarya da shewa su ne suke cika waƙar, har matan da suka zo biki su ma su tsoma baki.

Na biyar, amshi makaranta ce kuma sana'a ce. Babu wani aji da ake zama a koyi waƙar baka. Yaro yana shiga ƙungiya ya yi shekaru yana amshi, ya haddace waƙoƙin maigidansa, ya koyi sarrafa numfashi da sanin wanda ake wasawa da wanda ake yi wa zambo, kafin a sallame shi ya kafa tasa. Shi kansa Ɗanƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa ya fara tun yana yaro. Bugu da ƙari, duk kyautar da aka yi wa jagora akwai rabon yara a ciki, kuma kowane ɗayansu yana da iyalin da yake ciyarwa.

Sai dai ba kowane makaɗin Hausa ne yake da 'yan amshi ba. Akwai masu kaɗaita, kuma fitacce a cikinsu shi ne Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi da kuntiginsa kawai yake fitowa, ya rera gindi da kansa, ya rera ɗa da kansa, inda kuma ake bukatar hutu sai ya bar kuntigi ya yi magana. Wannan rukuni yana da muhimmanci ga hukuncin da za a yanke a gaba.

4.4 Gwajin da Aka Yi a Birnin Katsina

Domin kada nazarin ya tsaya a kan takarda, mai bincike ya nemi taimakon wani matashin mawaƙi da yake aiki a wani ɗakin naɗar waƙa a wajen Ƙofar Ƙaura, da kuma wani dattijon makaɗin kalangu. An ari na'ura mai kafar makirufo, aka bi hanya ta biyu da aka bayyana a 4.2. Mawaƙin ya shirya wata waƙar biki tasa ta kansa mai gindi layi biyu. An yi gwajin a zama biyu.

Zama na farko a cikin ɗaki aka yi shi, ƙofa a rufe, babu makaɗi. Mawaƙin ya ɗauki tafi, ya ɗora gindin waƙa, ya sake ɗora shi sau biyu domin ya yi kauri. Bayan 'yan kurakurai na taka maɓalli, abin ya zauna. Wanda ya tsaya a waje zai rantse mutum uku ne suke amshi. Amma an lura da abu ɗaya tun a nan. Tun da zagayen yana da tsawon da ba ya canzawa, an bar gurbin shiru a cikinsa domin ɗan waƙa, kuma dole kowane ɗa ya shiga wannan gurbi daidai. Sau da yawa mawaƙin yana tsakiyar magana sai amshi ya faɗo masa a ka. Wani lokaci kuma ya gama da wuri ya tsaya yana jira. A ƙarshe sai ya koma datse maganarsa domin ta yi daidai da na'ura.

Zama na biyu a tsakar gida aka yi shi, da makaɗin kalangu da 'yan kallo daga maƙwabta, kuma da janareta saboda babu wuta a ranar. A nan matsaloli uku suka fito. Ta farko, ƙugin janareta da kukan wani yaro sun shiga zagayen farko, suka yi ta dawowa tare da amshi, har jama'a suka fara dariya duk lokacin da kukan ya zagayo. Ta biyu, makaɗin da na'urar sun kasa tafiya tare. Lissafin a fili yake: idan gindin waƙa yana cin daƙiƙa 4, ƙafar mawaƙi kuma ta makara da rubu'in daƙiƙa wajen rufe ɗauka, to bayan zagaye 8 na'urar ta bar makaɗi da tazarar daƙiƙa 2, wato rabin gindin. Dole dattijon ya bar nasa kiɗan ya riƙa bin akwati. Ta uku, da wuri ya ɗauki zafi, mata suka fara rawa, hannun makaɗin ya nemi ya ƙara sauri kamar yadda ya saba, amma babu hali. Da aka tashi, abin da dattijon ya faɗa shi ne, shi bai taɓa yin kiɗa da ɗan amshi kurma ba sai ranar.

4.5 Tarke

Idan aka ɗora abin da na'urar ta yi a kan ayyuka biyar na 4.3, za a ga ta cika na farko sosai. Tana riƙe gindin waƙa ba mantuwa, ba gajiya, ba shaƙewar murya, kuma ba ta makara zuwa wurin biki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matashin da ba shi da halin ɗaukar mutum biyar a mota zuwa Dutsin-ma ko Malumfashi.

A aiki na biyu ta cika rabi ne. Tana ba jagora hutu, amma hutun da ita ta yanka masa. A ƙungiyar gargajiya jagora ne yake ja, amshi yana biye. A wajen na'ura abin ya juye, amshi ne yake ja, jagora yana biye. Wannan juyi yana taɓa zuciyar waƙar baka, domin gwanintar makaɗi irin Shata tana cikin 'yancin da yake da shi na tsawaita ɗa ko gajarta shi gwargwadon abin da ya gani a gabansa. Idan wani babban mutum ya shigo fili, sanƙira ya sanar da shi, jagora yakan saki abin da yake faɗa ya tare shi da kirari, yara kuma su jira shi komai daɗewarsa. Idan mai liƙi ya tsaya a gabansa, yakan zauna a kan sunansa har sai ya gama. Gaskiya ne mai lufa yana iya taka maɓalli ya tsayar da amshin, ya sake sakinsa lokacin da ya so. Amma a nan hankalinsa ya rabu biyu, rabi a taro rabi a ƙafa, alhali amfanin yara shi ne su ɗauke masa wannan nauyi.

A aiki na uku ba ta da abin cewa ko kaɗan. Ba ta karɓar layi ta ƙarasa, ba ta ƙari, ba ta tuna wa jagora abin da ya manta. Abin da aka ba ta shi take mayarwa. Don haka waƙoƙin fada masu karɓa-karɓa sun fi ƙarfinta.

A aiki na huɗu ma akwai naƙasu. Murya ɗaya ce aka ninka, kuma kunnen Bahaushe yana ganewa. Mawaƙan Turai suna rufe wannan gibi ta hanyar ɗora hawa na sama da na ƙasa a kan layi guda. Idan aka yi haka a Hausa sai wata matsala ta taso. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma raujin waƙa yakan bi hawa da saukar kalmomi. Idan hawa uku suka bi hanyoyi uku, ga kuma ɗan waƙa a kansu, kalmomin sukan dushe. Mai sauraren waƙar Hausa kuwa magana yake nema kafin komai. Wanda aka wasa yana son ya ji sunansa da na kakansa ƙarara. Saboda haka duk hawan da aka ƙara, ana sayen kauri ne da kuɗin ma'ana.

Aiki na biyar shi ne mafi nauyi. Na'urar da ta sallami mutum huɗu daga ƙungiya ta rufe ƙofar abincin gida huɗu, ta kuma rufe ajin da magajin jagora zai fito daga ciki. Sai dai adalci ne a faɗi cewa ba lufa ce ta fara wannan ɓarna ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, musamman bayan fitowar fim ɗin Sangaya a 1999, mutum ɗaya a ɗaki yake kwaikwayon kalangu da sarewa da yatsunsa. Daga baya kwamfuta ta zo da manhajar gyaran murya. Yau mawaƙi yakan ɗauko 'yar amshi ɗaya, ta rera gindi sau ɗaya a biya ta, a yanka a liƙa a duk inda ake so. Ke nan maimaita amshi da na'ura ya riga ya zama ruwan dare a ɗakunan naɗar waƙa na Kano da Kaduna da Katsina. Abin da lufa ta ƙara shi ne fito da wannan aiki daga ɗaki zuwa gaban jama'a.

4.6 Matsayinta Tsakanin Ƙungiya da Mamin

A nan ne wannan bincike ya ga wani alheri a tattare da na'urar. Abin da ya zama al'ada a bukukuwa da yawa a birnin Katsina shi ne, mawaƙin zamani ya zo da waƙarsa a waya ko a filashi, a saka ta a lasifika, shi kuma ya riƙe makirufo yana motsa baki, abin da matasa suke kira mamin. A irin wannan wasa babu abin da aka ƙirƙira a wurin. Waƙar da aka ji jiya a wani biki ita za a ji yau, kuma ko muryar mawaƙin ta dishe ba wanda zai sani.

Idan aka gwada da wannan, mai lufa ya fi kusa da makaɗin gargajiya. Duk abin da jama'a za su ji, a gabansu aka yi shi. Idan ya yi kuskure za a ji, idan ya yi gwaninta za a gani. Yana iya sa sunan amarya da ango a gindin waƙa nan take, ya kuma sauya ɗiya yadda wuri ya nuna. Tun da aiwatarwa a gaban jama'a tana cikin sharuɗɗan waƙar baka, to wasan lufa ya cika wannan sharaɗi, mamin kuwa bai cika ba.

Don haka, a fahimtar mai bincike, gurbin da ya dace da na'urar shi ne na masu kaɗaita. Matashin da yake son bin sawun Ɗanmaraya, mai gurmi ko kuntigi ko garaya, yana iya ɗaukar zagayen kiɗansa da tafi, ya bar gindin waƙa a bakinsa, ya rera shi lokacin da ya ga dama. Ta haka bai kori kowa ba, tun da dama shi kaɗai ne, kuma bai ɗaure ɗiyan waƙarsa da igiyar na'ura sosai ba. Sharaɗin shi ne ya yi amfani da makirufo biyu, ya taƙaita hawa, ya kuma tanadi batir saboda ɗaukewar wuta. Amma wanda yake da makaɗan kalangu ko taushi ko ƙwarya, shigo da na'urar zai rage masa fiye da abin da zai ƙara masa.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar na'urar maimaita murya da asalinta da hanyoyi uku na shigar da murya cikinta. An kasa aikin amshi gida biyar, an kawo gwajin da aka yi a birnin Katsina, sannan aka auna na'urar da waɗannan ayyuka. Nazarin ya gano cewa ta cika aiki ɗaya, ta cika rabin na biyu, ta gaza a sauran ukun. Amsar tambayar da aka yi a 4.0 ke nan ita ce, abin da na'urar take yi maimaici ne, bai kai amshi ba, domin amshi yana bukatar kunnen da zai saurari jagora kafin baki ya amsa masa. Duk da haka an nuna cewa ta fi mamin kusanci da waƙar baka, kuma tana da amfani ga makaɗi mai kaɗaita. A babi na biyar za a duba yadda 'yan amshin da suka rage a ƙungiyoyin makaɗan Katsina suke rayuwa a yau, da kuma hanyar da sababbin mawaƙa suke bi wajen koyon sana'ar.